Kafin ka sayi 'yar na'urar sauti

Ƙannena maza da mata, a 'yan shekarun nan wata 'yar na'ura ta shiga aljihun matasa masu son sauraro. Wata tsawonta bai wuce ɗan yatsa ba, wata kuma guntuwar waya ce mai kai biyu: kai ɗaya a soka a kafar USB ta kwamfuta ko ta wayar hannu, ɗayan a jona masa iyafis ko hedifon. A jikin kwalinta an rubuta DAC. Masu tallarta suna cewa da zarar ka jona ta, za ka ji abin da ba ka taɓa ji ba a cikin waƙar da ka haddace tun kana yaro. Wani sa'in gaskiya suka faɗa, wani sa'in kuma kuɗinka kawai za ka zubar. So nake ku iya rarrabe biyun kafin ku sa hannu a aljihu, sannan ku san wani haɗari da ba a rubuta shi a jikin kwali.

Mu fara da aikinta. Duk sautin da ke cikin kwamfuta, waƙa ne, karatun Alƙur'ani ne, ko muryar malami a darasi, lambobi ne jere a fayil. Lokacin ɗauka, makirfo yana mayar da motsin iska ya zama lantarki, sai a riƙa auna ƙarfin lantarkin nan sau dubbai a kowace daƙiƙa ana rubuta sakamakon. A faifan CD, wanda kamfanonin Sony da Philips suka fitar kasuwa a 1982, ana aunawa sau 44,100 a daƙiƙa ɗaya, kuma kowane awo ana rubuta shi da bit 16. To kunne ba ya jin lamba, hedifon ma ba ya karanta ta. Dole a sami abin da zai mayar da lambobin nan su koma lantarki mai hawa da sauka, wanda zai kaɗa ɗan tantanin da ke cikin hedifon, shi kuma ya kaɗa iska. Wannan shi ne aikin DAC. A bayansa kuma akwai ɗan ƙaramin amfilifaya da ke ƙara wa lantarkin ƙarfi har ya iya tura hedifon. 'Yar na'urar da ake sayarwa ta haɗa biyun ne a jiki ɗaya.

Abin da mai talla ba zai fara gaya maka ba shi ne, ka riga ka mallaki irinta. Duk kwamfutar da ke da sifika ko kafar iyafis tana da DAC a cikinta, galibi na kamfanin Realtek da ke Taiwan. Wayarka ma haka. Hedifon ɗin Bluetooth kuwa nasa yana cikin jikinsa, shi ya sa mai amfani da irin wannan ba abin da na'urar USB za ta ƙara masa ko kaɗan. Ashe ke nan wanda ya saya, musanya ya yi: ya ajiye na cikin kwamfuta ya ɗauki na waje. Abin tambaya shi ne ko musanyar tana da riba.

Kasuwar waɗannan na'urori ba ta daɗe ba. A 2012 kamfanin AudioQuest na Amurka ya fitar da DragonFly, mai siffar filas, wadda ta nuna wa mutane cewa ba sai da akwati mai nauyi a kan tebur ba. Daga baya, a 2016, Apple ya fitar da iPhone 7 ba tare da kafar iyafis ba, sauran masu ƙera waya suka bi sahu ɗaya bayan ɗaya. Nan take miliyoyin mutane suka buƙaci 'yar mahaɗa, kamfanonin ƙasar Sin irin su FiiO suka cika kasuwa da iri-iri. Yau akwai ta dala 9, wato 'yar farar mahaɗar Apple mai kan USB-C, akwai kuma ta ɗaruruwan daloli. Abin mamaki, masu auna irin waɗannan kaya da na'urorin gwaji sun daɗe suna shaidar cewa ta dala 9 ɗin nan sautinta tsaf yake.

Matsaloli uku na sani waɗanda wannan na'ura take magancewa da gaske.

Ta farko ita ce ƙazantar sauti. Cikin kwamfuta wuri ne mai cunkoson lantarki: fanka tana juyawa, ƙwaƙwalwa tana aiki, caja tana tura wuta. Idan masu ƙera ta ba su killace sashen sauti da kyau ba, duk wannan hayaniyar tana zubowa cikin kunnenka. Ga yadda za ka gane. Jona iyafis da dare lokacin da gida ya yi tsit, kada ka kunna komai, ka saurara. Idan ka ji shuuu mara yankewa, ko kuma ka motsa linzamin kwamfuta ka ji wani tsit-tsit yana bin motsin hannunka, to kwamfutarka tana da wannan cuta, kuma fitar da aikin sauti waje yakan taimaka. Amma kafin ka saya, zare caja ka sake saurare. Idan gurnanin ya ɗauke da zarar ka zare, laifin na caja ne ko na wutar gidan, musamman idan janareta ake amfani da shi ko kuma soket ɗin ba shi da wayar ƙasa. Wutar ƙasashenmu tana kaɗawa sau 50 a daƙiƙa, kuma wannan gurnani mai kauri nata ne. Irin wannan yakan bi ta kafar USB ya shiga sabuwar na'urar ma, tunda daga kwamfutar take shan wuta. Caja mai kyau ce maganinsa, ko kuma ka riƙa sauraro a kan batir.

Ta biyu ita ce ƙarancin ƙarfi. Kowane hedifon yana da nasa taurin kai wajen karɓar lantarki, ana auna shi da om, kuma a rubuce yake a kwali. Iyafis na yau da kullum om 16 ne zuwa 32, kowace waya tana iya tura shi. Amma akwai manyan hedifon na masu aikin situdiyo, kamar Sennheiser HD 600 mai om 300, ko Beyerdynamic DT 770 Pro da ake yin sa a om 32 da 80 da 250. Jona mai om 250 a kwamfuta mai rauni, za ka ƙure ƙara amma sautin yana can nesa, ganga ba nauyi, murya ba jiki. Nan kam na'urar waje tana da aiki, domin da yawansu suna ba da bolt 2, alhali kafar kwamfuta sau da yawa ba ta wuce bolt 1 ba. Akwai kuma wani abu da masu sayarwa ba su cika ambata ba: ita ma kafar da ake jona hedifon tana da nata om ɗin. Ƙa'idar da masu wannan sana'a suke bi ita ce kada na kafar ya wuce kashi ɗaya cikin takwas na hedifon. In ya wuce, launin sautin yakan sauya, musamman a ƙananan iyafis masu shiga cikin kunne. Na'ura mai kyau nata yakan tsaya wajen om 1 ko ƙasa da haka.

Ta uku ita ce mafi sauƙin ganewa: kafar iyafis ta lalace, sai ka riƙe wayar ta wani gefe kafin kunne biyu su yi magana, ko kuma na'urarka ba ta zo da kafar ba sam. Yawancinmu kwamfutocin da muke riƙewa na hannu ne, sun sha aiki kafin su iso gare mu. Maimakon a buɗe ciki ana ƙone-ƙone da dalma, 'yar mahaɗa mai araha ta wadatar.

In ba ka da ɗaya daga cikin ukun nan, riƙe kuɗinka.

Yanzu ga abin da ba ta iyawa. Tela komai gwanintarsa, yadin da ka kai masa shi zai ɗinka, ba zai mayar da akoko shadda ba. Haka DAC: abin da ke cikin fayil shi take fitarwa. Sautin CD yana cin kilobit 1,411 a daƙiƙa. Waƙar da aka tura maka a shagon masu turi, ko ka karɓa ta Xender, sau da yawa MP3 ce mai kilobit 128, wato an zubar da kusan kashi goma cikin goma sha ɗaya na bayanan don fayil ya yi sauƙi. Wata ma an ciro ta daga bidiyo, an sake matse ta, ta bi ta WhatsApp, ta bi ta wayoyi biyar. Abin da aka zubar ya tafi ke nan. Ko ka yi amfani da manhaja ka mayar da fayil ɗin FLAC, wato tsarin da ba ya zubar da bayanai, girma kawai zai ƙara. Haka tsofaffin waƙoƙin Mamman Shata ko kuntigin Ɗan Maraya Jos da aka kwafo daga kaset zuwa kaset: na'ura mai tsada za ta fito maka da shuuu ɗin kaset ɗin ne ƙarara. Darajar waɗannan waƙoƙi tana cikin maganarsu da kiɗansu, kuma ko a rediyo mai batir biyu tana isowa.

Akasin haka, idan ɗaukar ta yi kyau, hedifon mai kyau da kafa mai tsabta suna da amfani na zahiri. Ɗalibin tajwidi da ke bin karatun Shaihu Mahmud Khalil al-Husari, wanda aka ɗauki cikakken karatunsa na murattal a Masar a 1961, yana bukatar ya ji bambancin sin da sad, ya ji tsawon gunna da inda madda ta tsaya. Mai haɗa sauti a fim ko mai gyaran murya don shirin rediyo yana bukatar ya ji ƙaramin ƙas ɗin da ya shiga tsakanin kalmomi kafin masu sauraro su ji. Waɗannan suna da hujjar kashe kuɗi. Amma ko su, ba sai sun kai ga mafi tsada ba.

Sai maganar lambobin da ake jerawa a kwali don su ruɗe ku: bit 32, awo 384,000 a daƙiƙa, da sauransu. Akwai ƙa'idar lissafi da ake jingina wa Harry Nyquist da Claude Shannon, wadda ta tabbatar da cewa idan yawan awo ya ninka mafi siririn sautin da ake son kamawa fiye da sau biyu, ana iya dawo da sautin cif. Kunnen ɗan Adam, yana yaro lafiyayye, iyakarsa kaɗawa 20,000 a daƙiƙa, kuma tana raguwa da shekaru. Awo 44,100 ya riga ya rufe wannan. Bit 16 kuma yana ba da tazarar desibel 96 tsakanin mafi ƙanƙantar sauti da mafi ƙarfinsa, wadda ta fi abin da za ka iya mora a ɗakin da fanka ke juyawa kuma janaretan maƙwabta yana ruri. A 2007 wasu masu bincike biyu a Amurka, Brad Meyer da David Moran, sun wallafa sakamakon wani gwaji: sun riƙa kunna wa mutane faifai masu manyan lambobi, wani lokaci kai tsaye, wani lokaci bayan an rage su zuwa ma'aunin CD, ba tare da mai sauraro ya san wanne ne wanne ba. A gwaji sama da 500, amsoshin da aka dace kusan rabi ne, daidai da abin da mai canka kawai zai samu. An yi ta muhawara a kan binciken, amma darasinsa ga mai ƙaramin aljihu a fili yake. Manyan lambobi suna da amfani a situdiyo lokacin ɗauka da gyara. Wajen sauraro kuwa, data da wurin ajiya suke ci: minti ɗaya na sautin CD ya kai megabait 10, na MP3 mai kilobit 128 kuma kusan 1.

Ku kuma yi hattara da sayen tambari. Akwai wani tsari da ake kira MQA, na wani kamfanin Ingila, wanda aka yi shekaru ana buga tambarinsa a jikin na'urori ana ƙara musu kuɗi. A 2023 kamfanin ya durƙushe har aka sayar da kadarorinsa, a 2024 kuma Tidal, babbar manhajar waƙoƙi da ke amfani da shi, ta daina. Waɗanda suka biya ƙari saboda haruffa ukun nan sun ga yadda kasuwa take juyawa.

Don haka ga jerin da nake ba ku shawara ku bi wajen kashe kuɗi. Farko fayil mai kyau: MP3 mai kilobit 256 ko 320 da aka yi daga asali, ko FLAC in kana da wuri. Na biyu hedifon, domin shi ne ya fi komai sauya abin da kunne ke ji. Bambancin hedifon biyu kowa yana jin sa nan take, bambancin DAC biyu masu lafiya kuwa ko ƙwararru suna shan wahala kafin su kama shi. Na'urar USB ita ce ta ƙarshe. Wanda ya jona iyafis ɗin bakin titi a na'urar dala ɗari biyu ya fara gini daga rufi.

In ka tashi saye, a Farm Centre ta Kano ne, ko Banex a Abuja, ko Computer Village a Ikeja, ko kuma kasuwar garinku, kada ka yi cinikin biri a sama. Tafi da kwamfutarka da hedifon ɗinka, a gwada a gabanka. Dalili shi ne akwai mahaɗa masu kan USB-C da ba su da DAC a ciki ko kaɗan, waya ce zalla, suna aiki ne kawai da wasu wayoyin da ke turo sauti ta wannan kafa. A ido ba ka bambance su, amma a kwamfuta ba za su ce uffan ba. Ta gaske kuwa, kana sokawa za ka ga sabon suna ya bayyana a jerin na'urorin sauti. Ka gwada makirfo ma. Da yawa daga masu tsadar ba sa karɓar makirfon iyafis, kuma ɗalibin da ke darasi ta Zoom zai wayi gari yana jin malam, malam ba ya jin sa. Mai son ɗaukar murya ko waƙa kuwa, wata na'ura ce daban yake bukata, mai kafar shigar da makirfo, irin su Focusrite Scarlett. Tambayi mai shago ko zai karɓa in ta ƙi aiki, ku yi wannan magana kafin kuɗi ya bar hannunka.

Wajen jonawa babu wahala. Windows 10 tun sabuntawar 2017 tana gane yawancinsu da kanta, haka Mac da Linux, Android kuma tun siga ta 5 da ta fito a 2014. Mai tsohuwar Windows 7 ne zai iya bukatar manhajar kamfanin. Ka shiga saitin sauti ka zaɓe ta, ka kashe ƙarin kwalliyar da wasu kwamfutoci suke yi wa sauti, ka bar ma'auni a bit 24 da awo 44,100 ko 48,000. Ka sani tana shan batir, wasu har ɗumi suke yi. Kuma kada ka bar ta a soke ka jefa kwamfuta cikin jaka, domin gyaran karyayyar kafar USB ya fi kuɗin na'urar.

Idan kana son sanin ko ta ƙara maka wani abu, kada ka yarda da jin farko. Kunne yana da wata ɗabi'a: duk abin da ya ɗan fi ƙara, sai ya ce ya fi daɗi. Na'urar waje kuma kusan kullum ta fi ƙara. Daidaita ƙarar biyun gwargwadon iyawarka, juya baya, ka sa aboki ya riƙa sauya jonin ba tare da ya gaya maka ba, kai kuma kana faɗin wanne ne. In ka kasa rarrabewa, ba abin kunya ba ne, ka huta da kashe kuɗi.

Na ajiye magana mafi nauyi a ƙarshe. Ƙarfin nan da ake saye don tura babban hedifon, idan aka juya shi kan ƙaramin iyafis, makami ne. Ninka bolt sau biyu yana ƙara desibel 6, kuma kowane ƙarin desibel 3 yana raba lokacin da kunne zai jure gida biyu. Ke nan daga bolt 1 zuwa 2, lokacin da kake da shi ya koma kashi ɗaya cikin huɗu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce matasa sama da biliyan ɗaya, 'yan shekara 12 zuwa 35, suna cikin haɗarin rasa ji saboda sauraro da ƙara mai yawa. Ma'aunin da ta bayar shi ne desibel 80 na awa 40 a mako ga babba. A desibel 90 awa 4 ne kacal a mako, a 100 kuma minti 20. Can cikin kunne akwai wasu ƙwayoyi masu siririn gashi, su ne ke mayar da kaɗawar sauti saƙo zuwa ƙwaƙwalwa. Wanda ya mutu a cikinsu ba ya sake tsirowa, kuma suna mutuwa ne a hankali, ba zafi, ba jini. Mutum yakan fara ganewa ne a wurin biki ko a kasuwa, ya ga bakin abokinsa yana motsi, yana jin murya, amma kalmomin sun cakuɗe.

Shawarar da aka saba bayarwa ta kada a wuce kashi 60 cikin ɗari na ƙarar waya tana da kyau, sai dai da na'ura mai ƙarfi kashi 30 ma yana iya yin yawa. Saboda haka ku riƙe waɗannan. Duk lokacin da za ka jona, sauke ƙara ƙasa tukuna, kuma kada hedifon ya kasance a kunnenka, domin kwamfuta takan buɗe sabuwar na'ura a ƙure. Ka ɗaga a hankali, ka tsaya a inda kake jin komai, kada ka kai inda kake jin kiɗan a haƙoranka. Idan wanda ke tsaye kusa da kai sai ya ɗaga murya kafin ka ji shi, ka yi yawa. Kada ka yi gasa da janareta ko hayaniyar A Daidaita Sahu ta hanyar ƙara bolum. Nemi hedifon mai rufe kunne ko iyafis mai roba da ke toshe hayaniyar waje, sai ka ga ƙaramar ƙara ta ishe ka. Ka riƙa cirewa kana hutar da kunne. In ka cire ka ji wani siririn kuka yana ci gaba a ciki, ko ka ji kamar an cusa maka auduga, gargaɗi ne, kuma in ya ƙi tafiya ka je asibiti wurin likitan kunne.

Akwai kuma ladabi. Ba kyau mahaifiya ta kira sau uku ɗanta yana cikin ɗaki da hedifon bai amsa ba, ko a kira salla a masallacin ƙofar gida bai ji ba. Kan titi kuwa, mai tafiya a ƙasa ko a kan babur da ya toshe kunnuwa biyu yana wasa da ransa ne da na wasu.

Ƙannena, ba na hana ku jin daɗin sauti mai kyau, ni ma ina son sa. Wanda kwamfutarsa ke hayaniya, ko hedifonsa ya fi ƙarfin kafarta, ko kafar ta lalace, ya sayi 'yar na'urar nan daidai aljihunsa, zai ji amfaninta. Wanda ba shi da ɗaya daga ciki ya tara kuɗinsa ya sayi hedifon mai kyau. Dukkanku kuma ku rage ƙara tun yau, domin na'ura in ta lalace akwai wata a kasuwa, amma ba a sayar da kunne. Allah Ya kiyaye mana jinmu da ganinmu, Ya sa mu yi amfani da su a inda Ya yarda.